Igiya Mai Ƙulli Bakwai

Hukuma ta taɓa karɓe mini 'yata. Shekararta uku da 'yan watanni a lokacin. Ta yi kwana arba'in da ɗaya ba ta hannuna. An same ta ne ɗaure da igiya a jikin bishiya, ita kaɗai, a kan tudu a tsakiyar ruwa. Ni na ɗaure ta.

Ni masunci ne. Kakana shanu gare shi, ciwo ya share su a shekara guda. Ubana ya shiga ruwa don ya ci abinci, ni ma a ruwa na buɗe ido. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Ƙauyenmu yana gabas da Haɗeja, a bakin fadama. Lokacin muna ƙarƙashin Kano, ba a daɗe da daina fam da sule ba.

Uwar yarinyar daga wajen tafkin Chadi na auro ta, wata shekara da na je su can. Ta rasu da bazara wajen haihuwa, ita da abin da ke cikinta. Danginta fari ya tarwatsa su, ban san inda zan aika ba. Mahaifiyata ta daɗe da rasuwa. Ƙanwata guda ce, ita da mijinta sun kama hanyar Makka, labarin ƙarshe da na ji suna Sudan. Saura ni da yarinya. Sunan mahaifiyata aka sa mata, shi ya sa Uwata nake ce mata.

Akwai wata tsohuwa a maƙwabtanmu, Babarbariya, mai bandar kifi. Iya muke kiranta. Tsakanin Barebari da Fulani akwai wasa, ita kuwa ba ta gajiya da shi. Bayan sadakar bakwai ta leƙo ta kan danga.

Ta ce, "Kai Bafillatanin da ya rasa saniya ya koma kiwon tarwaɗa, kawo yarinyar nan in riƙe maka. Me namiji ya sani a reno?"

Na ce, "Ban mutu ba."

Ta ce, "To."

Ba ta sake tayar da maganar ba. Ni ma ban sake ba.

In damina ta yi tsakiya, kogi yakan cika ya malale fadama, ba abin da ke saura sai tuddai nan da can. Lokacin kifi ke nan. Kowa yakan zaɓi tudunsa ya kafa bukka, ya yi wata biyu ko uku. Wanda bai je ba, ya san yadda shekararsa za ta ƙare. Na sa yarinya a jirgi muka tafi.

Tuduna yana da giyayya guda, babba, mai inuwa. Ga yadda nake yi. Igiyar rama ce, ni na tufka ta. Inda za ta zagaya ƙugu na naɗe shi da tsumman zanen uwarta don kada ya ci fata. Ƙullin irin wanda muke ɗaure jirgi da shi ne, ko an ja ba ya matsewa, hannuna yana shiga tsakanin igiyar da cikinta. A bayanta na ɗaura ɗan ƙaramin gora, irin manyan da muke kwanciya a kai mu yi su, ko da tsautsayi ya kai ta ruwa za ta taso. Kowace safiya nakan duba inda ruwa ya kwana. In ya hau, in kafa turke a sabon bakinsa, in ƙulla igiyar ta gajarce, yadda tsakanin yarinyar da ruwa zai zama gaba biyu, wato buɗin hannuwa sau biyu. In ajiye mata ruwan sha a ƙwarya, da ɗumame, da kifin da na cire wa ƙaya. Ba na zuwa inda ba zan hangi bishiyar ba. Da hantsi in dawo, da azahar in dawo.

Ranar da abin ya faru ta tashi jikinta da ɗan ɗumi. Na ba ta jiƙo, ta ci abinci, ta kama wasa da goranta. Na ce ba komai. Na tafi ɗaga ƙugiyoyin da na kafa. Layin ya maƙale a wani kututture a bayan dogayen ciyayi, inda ba a hangen tudun. Na tsaya kwancewa. Na ji ƙarar jirgi mai inji, na ɗauka wucewa yake yi. Ban dawo ba sai da rana ta take.

Ba kowa a gindin giyayya.

Na faɗa ruwa. Ban san sau nawa na nutsa ba. Na laluba gindin ciyawa, na laluba ƙarƙashin kainuwa. Sai da numfashina ya ƙare na rarrafo tudu, na kama igiyar don in tashi, sannan na ga bakinta. Ba tsinkewa ta yi ba. Wuƙa ce, yanka ɗaya. Ga kuma sawun takalma a taɓo. Na zauna a ƙasa na yi hamdala. Ko wane ne ya ɗauke ta, mutum ne.

Bulaman ƙauyenmu ya gaya mini sauran. Masu allurar rigakafi ne suke zaga tuddai, tare da su akwai wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a. Sun tarar da yarinya a ɗaure, jikinta kamar wuta. Sun yi kira, ba a amsa ba. Suka wuce da ita asibiti a Haɗeja. Da na je aka ce zazzaɓin ya sauka, amma maganar ta bar asibiti, tana kotu. Aka ba ni wata takarda, aka gaya mini rana.

Abin da na sani game da shari'a kaɗan ne. A gaban alƙali ko hakimi, talaka yakan durƙusa, ya sunkuyar da kai, ya ce ya tuba. Babba ya yi faɗa, ya huce, ya ce tashi ka tafi. Haka na ga ubana ya yi, kuma ya tsira da jirginsa. Bulama ma haka ya ce: "Kada ka ja da su. Duk abin da aka ce, ka ce ka tuba."

Wannan kotun majistare ce, ban taɓa shiga irinta ba. Na tuɓe takalmi a ƙofa na durƙusa. Ɗan sanda ya ɗaga ni ya tsayar da ni a cikin wani akwatin katako. Tafinta ya ce an ce na ɗaure 'yata kamar dabba. Na ce na yi laifi, ranka ya daɗe, na tuba. Ya ce an ce na bar ta ba mai kula da ita, tana cikin ciwo. Na ce na tuba. Majistare yana ta rubutu. Can ya ajiye alƙalami ya dube ni. Ya sa aka tambaye ni ko na san abin da ake nema, wato a kai yarinyar gidan reno na gwamnati a Kano har ta girma. Na ce na tuba. Na ɗauka in na ƙara faɗa zai huce.

Daga nan ya ce wannan mutumin bai san inda yake tsaye ba. Ya ɗaga shari'a, ya ce kotu za ta samo mini lauya.

A waje tafintan ya ja ni gefe. Ya ce, "Bawan Allah, nan ba a hucewa, rubutawa ake yi. Sau uku ka ba da 'yarka da bakinka."

Na koma ƙauye. Ban shiga ruwa ba. Kifi yana wucewa, ni ina zaune.

Bayan mako biyu aka aiko in je. Na tarar da wani mutum a gindin darbejiya a harabar kotu, yana cin gyaɗa. Bakano ne, siriri, da tabarau, na girme shi da shekara goma ko fi. Ya miƙo mini hannu.

"Malam, ni ne lauyanka."

"Ban ɗauki lauya ba, ranka ya daɗe."

"Kotu ce ta ɗaukar maka."

"Wa yake biyanka?"

"Gwamnati."

"Wa ya ɗauke yarinyar?"

Ya yi murmushi. "Gwamnati."

Na ce, "To."

Ya matsa mini a kan bencin, ban zauna ba. Ya ce duk abin da na gaya masa ba mai ji sai da yardata, ko majistare. Ya ce ranar shari'a kowa zai zo da mai yi masa magana, in na ƙi shi, ni kaɗai ne ba ni da kowa. Ya yi ta tambaya ina ba shi e da a'a. Ya rufe littafinsa.

"Yaushe rabonka da ita?"

"Kwana ashirin da huɗu."

"Hana ka ganinta aka yi?"

"Ban tambaya ba."

"Me ya sa?"

"Wanda ya yi laifi ba ya tambaya."

Ya miƙe ya kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga rigarsa. Ya ce, "Har yau kai ne ubanta. Ba wanda ya rubuta akasin haka tukuna. Haƙƙinka ne ka gan ta. Jira ni nan."

Ya shiga ciki. Kafin azahar ya fito da wata 'yar takarda.

A gidan ma'aikaciyar aka ajiye ta kafin a yanke hukunci. Matar ba yarinya ba ce, tana da 'ya'yanta manya. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta shimfiɗa tabarma a soro. Aka fito da Uwata. An yi mata kitso, an sa mata riga mai furanni, ta yi kumatu. Ta laɓe a bayan matar tana leƙe na. Ban kira ta ba. Ban san yadda ake kiran ɗa a gidan wani ba. Can ta tako a hankali, ta hau cinyata, ta shafa bayanta.

Ta ce, "Baba, ina gorana?"

Matar ta ce, "Tun da ta warke take tambayar goran nan. Wane gora ne?"

Lauya ya dube ni. Na ce na ruwa ne, don ta taso. Ashe ranar sun kwance shi sun jefar, sun ɗauka kayan wasa ne.

Da muka fito ya ce, "Gobe za ka kai ni tudun nan."

Ya zo ƙauyenmu da sassafe da takalmi sau-ciki. Ya shiga jirgi ya riƙe gefe biyu da hannu biyu.

Na ce, "Ka iya ruwa?"

Ya ce, "Na wanka dai."

Na ɗauko babban gorana na ɗaura masa a ƙirji. Ya dubi kansa ya ce, "In aka gan ni haka a Kano, aikina ya ƙare." Ranar na fara jin kamar in yi dariya.

Ruwa ya fara ja da baya. Ragowar igiyar tana nan a jikin giyayya yadda aka bar ta. Ya bi ta da hannu.

"Waɗannan ƙulle-ƙullen fa?"

Na nuna masa turakun da na kafa, a jere daga ƙasa zuwa sama. Na gaya masa yadda nake yi. Ya ƙirga turaku, bakwai. Ya ƙirga ƙulli, bakwai. Ya miƙe igiyar, ya fito da awo daga aljihu, ya auna daga bakinta zuwa turke na ƙarshe. Ya kwance ƙulli guda ya auna zuwa turke na shida, ya mayar. Ya rubuta. Takalminsa ya cika da taɓo bai kula ba.

"Me ya hana ka faɗin wannan a kotu?"

"Ba a tambaye ni ba."

"An tambaye ka ko ka ɗaure ta."

"Na ɗaure ta."

"Mutum ba ya zama ya ƙirƙiro wannan duka haka kawai, Malam. Me ya faru?"

Na juya ina kallon ruwa. Bai matsa mini ba. Ya zauna a kan saiwa yana jira. Ya iya jira.

Na ce yarinyar tana da wa. Shekararsa huɗu. A wani tudu ne, ba wannan ba. Uwarsa tana nan, ni ina nan, muna gyaran koma, shi yana wasa a bayanmu, tsakaninmu bai kai nan da bukkar can ba. Ba mu ji ko motsi ba. Sai bayan kwana biyu na same shi a ruwa. Tun daga ranar ban gaya wa kowa yadda aka yi ba, ita ma uwar har ta rasu ba mu taɓa zancen ba.

Ya cire tabarau ya riƙe. Ya ce, "Allah ya sa mai ceto ne."

Na ce amin.

Ya ce, "Zan nuna wa kotu ba mugunta ba ce. Wannan zan iya. Amma majistare ba jiya kaɗai zai tambaya ba, zai tambayi gobe. In ka shiga ruwa, wa zai riƙe ta?"

"Ni."

"Da igiya?"

Na dubi ragowar igiyar a jikin giyayya.

"Ba za a ba ka ita ta koma igiya ba. Ni ma da ni ne a kujerar, ba zan ba ka ba."

Na ce, "Ashe dai kai na gwamnati ne."

Ya ce, "Naka ne. Shi ya sa nake gaya maka a nan, ba ka ji daga bakin wani a can ba. Ba ka da kowa? Ko mace guda da yarinyar ta sani?"

Na tuƙa mu muka iso gaɓa. Na kwance gorana daga ƙirjinsa, ya tafi.

Kwana uku ina kewaya dangar Iya. Nutso a ruwan sanyi ya fi mini sauƙi. Rana ta huɗu na shiga. Tana bakin murhun banda tana juya kifi, hayaƙi ya rufe ta.

Ta ce, "Wa nake gani? Wanda bai mutu ba?"

"Iya, na zo."

"Na ga ka zo. Abin da ya kawo ka ne ban ji ba."

"Kin sani."

"Na tsufa, Bafillatani, na manta. Tuna mini."

Na tsuguna. Na ce, "Ki riƙe mini ita in na shiga ruwa."

Ta ci gaba da juya kifinta. Sai da ta gama layi guda ta ce, "Tun bazara na share mata wuri a ɗakina, har ƙura ta sake rufe shi. Amma ba zan raba ɗa da uba wata uku ba. In za ka tudu, da ni za a je. Ka yi mini bukka, ka gina mini murhu. Kai ka kamo, ni in banda, ita ta zauna a gabana. Kifin da kake bandawa da kanka ko kare sai ya yi shawara."

Na ce, "Na gode."

"Riƙe godiyarka. Ka sayo mini goro ranar kotu, in ba haka ba in gaya wa alƙalin halin Fulani gaba ɗaya."

Ranar shari'a lauya ya tare ni a ƙofa ina shirin tuɓe takalmi. Ya ce, "Shiga da abinka. Abin da za ka bari a nan shi ne kalmar tuba. Ka tsaya da ƙafarka, ka faɗi abin da ka yi da dalilin da ya sa. In ba ka gane tambaya ba, ka ce ba ka gane ba."

Da farko ya roƙi kotu ta ajiye amsoshina na ranar farko. Ya ce a ƙauyukanmu tuba gaisuwa ce ga babba, ba amsa laifi ba. Majistare ya ce shi ma abin da ya gani ke nan, ya yarda.

Aka kira ma'aikaciyar. Ta faɗi abin da ta tarar, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Aka ɗauko guntun igiyar da suka yanko. Lauya ya fito da ragowar daga buhu, ya haɗa bakin biyu, suka dace. Ya zube turaku bakwai a kan tebur, da busasshen taɓo a jikinsu. Ya tambaye ta ko ta ga tabo a ƙugun yarinyar. Ta ce a'a. Ko ta ga alamar duka ko yunwa. Ta ce a'a.

Sannan ya ce in ɗaure shi yadda nake ɗaure ta. Na ɗaure shi. Ya ce wa ɗan sanda ya ja da ƙarfinsa. Ɗan sandan ƙato ne, ya ja, lauya ya tafi luu sai da ya dafa tebur. Kotu ta fashe da dariya. Ya gyara tabarau, ya zura hannu tsakanin igiyar da cikinsa, ya ɗaga kowa ya gani.

Aka zo kaina. Ya tambaye ni turaku, na faɗa. Ya tambaye ni gora, na faɗa. Ya dube ni, bai tambayi zancen wanta ba, don na ce masa ban yarda ba. Majistare ne ya ce, me ya sa duk wannan? Na dubi lauya, ya sunkuyar da kai, ya bar mini. Na faɗa. Gajere na faɗa, kamar yadda na faɗa a tudu. Iya tana zaune a baya, maƙwabciyata shekara da shekaru, ita ma ranar ta ji yadda aka yi.

Ma'aikaciyar ta nemi izini ta yi mini tambaya guda. Ta ce, "Malam, na ji. Amma da ba mu zo ba ranar, zazzaɓin nan fa? In maciji ne ya hawo tudun gudun ruwa fa?"

Na ga lauya zai miƙe. Na riga shi. Na ce, "Igiya ruwa ta hana. Ba ta hana zazzaɓi ba, ba za ta hana maciji ba. Ruwa kaɗai nake gani a lokacin. Wannan gaskiyarta ce."

Majistare ya tambaya ko tuba ce na sake yi. Na ce a'a, ranka ya daɗe, wannan na san abin da na faɗa.

Aka kira Iya. Ta ƙi shiga akwatin, ta ce ita ba gawa ba ce. Aka kawo mata kujera. Majistare ya tambaye ta me ke tsakaninta da ni. Ta ce, "Bawana ne, ranka ya daɗe, gado na ci." Tafinta ya sha wuya kafin ya bayyana cewa wasa ne. Aka tambaye ta ko za ta iya da yarinya a shekarunta. Ta ce ta reni tara, ta aurar da bakwai, ba wanda ta taɓa ɗaurewa, sai dai wannan uban in ya ƙi jin magana.

Majistare ya yi rubutu mai tsawo. Ya karanta, tafinta yana juyawa. Ya ce bai ga mugunta ba, ya ga haɗari. Ya ce ba a raba ɗa da mahaifinsa in akwai wata hanya, kuma ga hanya a zaune a kan kujera tana cin goro. A mayar mini da 'yata. Sharaɗi: kada a sake barinta ita kaɗai, kada a sake ɗaure ta, kuma ma'aikaciyar za ta riƙa zuwa dubawa duk wata har shekara. In aka saɓa, a dawo gabansa.

Ban gane an gama ba sai da lauya ya dafa kafaɗata ya ce, "Je ka ɗauko ta."

Matar ta haɗa mata ƙunshin riguna uku da ɗan kwalin magani. Idonta ya yi ja. Ta ce, "Zan zo wata mai kamawa."

Na ce, "Ki zo. Wuƙar dai ki bar ta a gida."

Ta ce, "Kai ma ka bar igiya."

Na saɓa yarinya a kafaɗa. Ta yi nauyi.

Lauya yana gindin darbejiya yana jiran mota. Tun farko na taɓa kai masa kifi, ya ƙi karɓa, ya ce sai an gama. Iya ta zo da ƙunshin banda na musamman, manyan tarwaɗa. Ya karɓa ya sansana. Na ce, "Ka koyi ruwa." Ya ce, "Kai kuma ka koyi tambaya." Ya shafa kan yarinyar, ya shiga mota. Ban sake ganinsa ba. Na san yana da wasu irina a wasu garuruwa.

Kifin shekarar ya wuce ni. Mun ci abin da ya samu. Damina ta gaba muka tafi tudu mu uku, na yi bukka biyu da murhu. Ma'aikaciyar ta zo kamar yadda ta ce, har tudu, a jirgina. Da shekara ta cika ba ta daina zuwa ba. Ita ce ta sa aka rubuta sunan yarinyar a makaranta lokacin da aka ce kowane yaro ya shiga. Ni kuma na koya mata ruwa tun tana shekara biyar. Tana da bakwai ta fi ni daɗewa a nutso. Iya ta rayu har ta ga aurenta, ita ta yi mata faɗan amarya, rabinsa zagin Fulani ne.

Ruwan ma ya canza. Tun da aka tare kogin daga sama ba ya zuwa yadda muka san shi. Tuduna yanzu gonar shinkafa ce, giyayyar an sare. Igiyar kotu ta riƙe, ban tambaya ba.

'Yata ungozoma ce, tana da 'ya'ya biyar, duk sun iya ruwa. Idona ya tafi shekara uku ke nan. Ta ce in dawo wurinta, na ce ban mutu ba. Na kwana biyu ina tunani, na aika a gaya mata ta zo ta ɗauke ni.

Ta ja mini igiya daga ƙofar ɗaki zuwa wurin alwala, in bi da hannu. Ƙullin bai yi kyau ba, ban gaya mata ba. Ina Haɗeja, a gidanta, a ɗakin da ke kusa da soro.